Amortisan Hagu na Motar Sha'aibu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga mahaifinka Idi Makanike a Cadawa, zuwa ga ɗana Laminu. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya kai ka Abijan lafiya, ya tsare ka a hanya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum.

Bayan haka, na san za ka yi mamakin tarar da takarda a cikin jakarka, alhali gida ɗaya muke kwana, garaji ɗaya muke yini. Ka san halina. In ba “miƙo sifana” ko “riƙe nan” ba, bakina ba ya iya doguwar magana da kai. Kai ɗan fari ne, an raine ni a kan jin kunyarka, ni kuma na samu wurin ɓuya a cikin kunyar. Shekaranjiya na zaunar da kai da niyyar in yi maka magana, da na buɗe baki sai na ji ina tambayarka ko ka ba akuya ruwa. Shi ya sa na nemi alƙalami. Rubutun nawa na karatun manya ne, in ka ga ya karkace ka yi haƙuri ka bi shi a hankali.

Ban hana ka tafiya ba, kuma ba zan hana ka ba. Damina biyu ke nan gero bai yi ido ba. Layinmu gida bakwai ne, uku an ja musu ƙyaure an ɗaure da igiya, masu su sun yi kudu. Garaji kuwa kai shaida ne, sai mu yini muna kallon hanya. Da ɗan kawunka ya aiko cewa ya samo maka aiki a garajin da ake shirya motocin tsere, irin waɗanda ake jerawa biyu su tashi lokaci guda su yi ɗan gajeren gudu a miƙaƙƙiyar hanya, na yi godiya ga Allah. Ka ce mai garajin yana neman wanda ya san ƙafar mota ne, kuma ka sa an gaya masa ubanka ya koya maka, wanda daga Gazawa har Gidan Rumji babu mai sanin amortisa kamarsa. Na ji daɗin maganar, daga baya ta hana ni sukuni. Akwai abu guda da na koya maka wanda ba daidai ba ne. Na san ba daidai ba ne tun lokacin da nake koya maka, kuma in ka kai shi wurin motar tsere zai iya kashe mutum a hannunka. Zan zo kansa. Bari in fara da ƙananan kurakuraina, ko na samu ƙarfin faɗin babban.

Lokacin da na fito daga hannun maigidana a Maraɗi na buɗe wurina, na ɗauka ƙarfin mota shi ne taurinta. A farin farko, rashin ruwan nan da ya gama da shanun mutane, aka ba ni aikin kai dawar taimako ƙauyuka da tsohuwar a-kori-kurata. Don ta ɗauki buhuna fiye da ƙima, na sassaƙa guntayen itacen kirya na cusa tsakanin lam, wato sifirin, da gangar jikinta, na kuma ɗaura mata amortisan da na ciro daga wata matacciyar kamiyo, babbar motar kaya. Mota ta tsaya ƙiƙam, ko ka hau bayanta ka yi tsalle ba ta motsi. Ni kuwa ina zagaya ta ina hura hanci. Ranar da za mu Gidan Sori na ɗauki mahaifiyarka a gaba, za ta duba 'yar'uwarta, da sabon tulu a cinya. Muna hawa gargada mota ta fara tsalle, bayanta yana gudu hagu yana gudu dama. Na taka birki na ji kamar ban taka ba, don rabin lokaci tayoyin a sama suke. Buhuna suka goga da ƙarfe suka fashe, dawa ta yi ta zuba ban sani ba, sai da muka isa na waiwaya na ga mata sun bi sawunmu da ƙoƙuna suna tsince ta cikin rairayi. Tulu kuma ya tsage a hannun mahaifiyarka. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce in za mu koma a nemo mata jaki, shi ya san akwai mutum a bayansa.

Ga abin da na koya ranar, na san ka sani amma ka bar tsoho ya faɗa. Lam ne ke ɗaukar nauyi. Amortisa, wanda mutanen Katsina ke ce wa shakazoba, ba ya ɗaukar komai. Aikinsa ya kwantar da tsalle, ya riƙe taya a ƙasa. Tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta tura mota, ba ta kuma tsayar da ita. A motar tsere abin ya fi tsanani, don duk wasan yana cikin tashin farko. Da direba ya ba ta wuta, nauyinta gaba ɗaya zai koma baya. Saboda haka na gaba ka nemi masu saurin miƙewa, su bar hancin mota ya ɗaga ba gardama, amma su sauko da shi a hankali. In hancin ya faɗo da wuri, nauyi ya bar tayoyin baya, sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna hayaƙi, abokin tsere kuwa ya yi gaba. Na baya su karɓi nauyin su riƙe shi. In sun cika tauri taya za ta zame, in sun cika laushi mota za ta durƙusa ta miƙe ta sake durƙusawa, ka ji bayanta yana dukan ƙasa. Kada ka zaɓa don kauri. Ka tambayi nauyin motar, ka auna iyakar miƙewar amortisan da iyakar shigewarsa, kada ya ƙure alhali mota ba ta gama motsinta ba.

Kada kuma ka zaɓa don kyan fenti. Ni an taɓa yi mini a kasuwar Maraɗi, wani mai daɗin baki ya sayar mini da guda biyu suna ƙyalli, ya rantse daga jirgi aka sauko da su. Na zo gida na kankare da farce na tarar da tsatsa a ƙasa. Tun daga nan ba na sayen amortisa sai na tsayar da shi a ƙasa, na danna shi da hannuna har ƙarshe, na ja shi har ƙarshe. Mai rai yana yi maka gardama tun daga farko har ƙarshe, ba ya saki a tsakiya, ba ya kukan iska. Ka kuma bi sandar ƙarfen da ke shiga tana fita da yatsa. In ka ji ƙarzuwa ko lanƙwasa ka ajiye musu kayansu, zai ci robar bakinsa ya zubar da mai kafin wata ya mutu.

Kuskurena na gaba ya fi ban dariya, in ka cire yunwa daga cikinsa. A shekarar farin nan kayan mota sun yi wuyar samu. Amortisa in mansa ya tsiyaye yarwa ake yi, ni kuwa na ce ba za a yar ba. Na huda shi, na ɗura masa man gyaɗa, na toshe hudar da noti. Da safe in ka danna mota sai ta sauka ta tashi sau ɗaya ta tsaya, kamar sabuwa. Direbobin tasha suka yi ta kawo nasu, har suka laƙaba mini Idi Bature, ni kuma ina amsawa. Abin da ban kula da shi ba, man gyaɗa in ya ji zafi ruwa yake komawa. Mota ta yi tafiyar sa'a guda cikin rana, sai ka tarar babu abin da ke riƙe ta. In ya kwana biyu kuma sai ya yi danƙo ya toshe 'yan hudojin ciki, garaji ya ɗauki warin ƙuli-ƙuli. Man ma ba nawa ba ne. Na mahaifiyarka ne, wanda ta ɓoye bayan randa don ta riƙa ɗiga wa tuwon jar dawar taimakon nan da ba ta haɗiyuwa. Ranar da ta ɗauko kwalbar ta ga saura kaɗan, ta zo har garaji, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya bakin ƙofa da lulluɓinta, ta ce ashe motoci ma suna cikin iyalin da nake ciyarwa, da na faɗa mata sai ta riƙa dafawa da su. Na shige ƙarƙashin mota har ta tafi.

To Laminu, man da aka yi don amortisa shi ake zuba wa amortisa. In irin wanda ake buɗewa ne a gyara, ka nemi mansa na ainihi, in babu ka ce babu. In irin rufaffen nan ne, ya mutu ya mutu, kada wayo ya kai ka huda shi. Kada ka yarda da gwajin safe kaɗai, ƙarfe mai sanyi ƙarya yake yi. Ka bari mota ta yi gudu ta dawo, ka sa bayan hannunka a jikin kowane amortisa. Mai aiki zai yi ɗumi, wanda ka ji shi da sanyi kallo kawai ya yi. Bayan kowane tsere ka goge su da tsumma mai tsabta ka duba ko mai ya jiƙa wuyansu, don ƙura ba ta manne wa busasshen ƙarfe. Ka duba robobin sama da na ƙasa, su ne ake rainawa, kuma su ne ke fara tsagewa su bar amortisa yana lilo. Sabo in ya daɗe a kwance, ka tsayar da shi ka danna ka ja sau da yawa kafin ka ɗaura. Kada ka ƙarasa ɗaure notuna mota tana rataye a kan jak, ka sauke ta ta zauna da nauyinta tukuna. Waɗannan duk na koya maka su daidai, sai dai ban taɓa gaya maka cewa da ɓarna na koye su ba.

Yanzu ga babban.

Ka san sunan Sha'aibu na Gidan Rumji, ko da ba ka tuna fuskarsa. Tare muka yi koyon aiki a Maraɗi, shi ya bi tuƙi, ni na tsaya kan gyara. Da na dawo Cadawa ya biyo ni, ya kama ɗaki kusa da tasha, abincinsa daga gidanmu. Mutum ne mai barkwanci, ba a zama da shi a yi shiru. Ban taɓa yin aboki kamarsa ba, kafinsa ko bayansa. Kai a lokacin kana wajen kakarka a Gazawa, an kai ka can don su suna da sauran hatsi.

Da dawar taimako ta ƙare, lodi ya ƙare. Direbobi suka koma zaman gindin gawo daga safe har yamma. Ban san wanda ya fara kawo shawarar ba, sai dai aka wayi gari ana tsere. Isansi, wato fetur, ba ya samuwa da yawa, don haka kowace mota kwalba ɗaya ake zuba mata, a jera biyu a gindin babban gawon da ke mafitar gari ta hanyar Gazawa, wani ya ɗaga hula ya saki, a ga wanda zai riga isa ƙaramar gada. Babu abin da ake ci sai suna. Za ka ce mutanen da ke cikin yunwa me ya kai su tsere. Ni ma na sha tambayar kaina. Ina jin in mutum ya gaji da ɗaga kai yana neman hadari bai gani ba, yana son ya ga wani abu yana motsi, ko mene ne.

Sha'aibu ne ke cinye kowa, kuma ni nake gyara masa mota, don haka rabin kirarin nawa ne. Sai wani direba daga Tasawa ya aiko cewa yana zuwa ya gwada shi. Saura kwana biyu amortisan baya na dama ya mutu. Na bi garuruwa na samo sabo, guda ɗaya tak. Na hagu kuwa ɗaya daga cikin na man gyaɗan nan ne, ni na ɗura shi da hannuna watanni kafin nan. Na kwance shi don in duba. Na danna, na ji ya yi gardama kaɗan, a tsakiya ya saki, ya tafi fayau. Na san abin da hannuna ya gaya mini. Amma mutane sun cika garaji suna kallon Idi Bature yana aiki, wasu har sun hau kan tsofaffin tayoyi don su gani da kyau. In na ce wannan ba shi da kyau, to na ce man gyaɗana ƙarya ne, ga shi rabin motocin tasha da shi suke yawo. Na goge shi da tsumma na mayar da shi. Sha'aibu ya leƙo ya tambaye ni ko an gama, na ce an gama.

Bayan azahar aka yi tseren, rana tana tsakiyar zafinta, kuma Sha'aibu ya riga ya zagaya gari da motar sau biyu don mutane su gani. Ina tsaye a bayanta aka saki hula. Na ga ta durƙusa ta hagu, ta karkata, ya murɗo ta ta dawo. Tayar hagu tana dukan ƙasa tana tashi, ina ganin haka da idona tun daga gawo. Duk da haka shi ne a gaba. Kafin gada akwai ɗan tudu, kowa ya san shi. Da ya hau, gefen dama ya zauna, gefen hagu ya tashi bai dawo ba. Mota ta juya sau biyu ta faɗa cikin kwari. Muka ciro shi da ransa, yana magana, har yana tambaya ko ya riga ɗan Tasawa. Ƙafafunsa ne ba ya ji.

Da jandarmomi suka zo suka ga taya ɗaya ta fashe, a wurin juyawar ta fashe, wani ya ce ai taya ce ta jawo. Suka juyo gare ni tunda ni ne makanike, na ce haka ne. Washegari da na jawo motar garaji, na kwance amortisan hagun nan na jefa shi cikin busasshiyar rijiyar da ke bayan makabarta. Sau ɗaya na je asibitin Maraɗi. Na kai bakin ƙofar ɗakin, na ji muryarsa yana ba masu jinya dariya, na juya na dawo. Daga baya 'yan'uwansa suka mayar da shi Gidan Rumji. Shekara goma sha ɗaya ban taka wurinsa ba.

Ga inda laifin ya shafe ka. Ranar da ka fara canza amortisa da hannunka, ka ɗago ka tambaye ni ko ba biyun ake canzawa tare ba. Tambayar mai hankali ce, kai da kanka ka gano ta. Na daka maka tsawa, na ce wanda ya mutu shi ake canzawa, mai rai a bar shi, kada ka koyi ɓarna. Na faɗi haka ne don in na ce biyu ake canzawa, to na amsa da bakina cewa ni na karya Sha'aibu. Tun daga ranar kake maimaita maganar ga masu mota, da irin muryata, har da ɗaga yatsa yadda nake yi. Duk lokacin da na ji ka sai in kau da kai. A motocin kasuwa masu tafiyar jaki Allah ya rufa mana asiri. Inda za ka ba zai yiwu ba.

Ka goge waccan maganar daga kanka. Biyu ake canzawa. Na baya biyu tare, na gaba biyu tare, iri ɗaya, tsawo ɗaya, shekaru ɗaya. Ko daga kwali ɗaya suka fito, ka jera su ka danna su ɗaya bayan ɗaya, in hannunka ya ji bambanci ka yarda da hannunka. In masu maɓallin ƙara tauri ne, yadda ka juya na dama haka za ka juya na hagu, ka sa alli ka yi alama don kada ka manta, sai fa in gwaji ne ya nuna maka dalilin bambanta su. In ɗaya kaɗai aka samu, mota ba ta shirya ba, ko waye ya zo daga ko ina.

Mahaifiyarka ta sani. Ban gaya mata ba, amma matar da ta san inda man gyaɗan nan nata ya tafi ba ta buƙatar a gaya mata. Ba ta taɓa goranta mini ba. Sai a ciwonta na ƙarshe ta ce in je Gidan Rumji, na ce in sha Allah bayan kaka. Kaka uku ta wuce tun da muka binne ta, biyu ma ba a girbe komai ba, ni ban je ba.

Makon jiya da na ce maka zan je Maraɗi neman kayan gyara, ba can na tsaya ba. Na zarce Gidan Rumji. Na same shi a wata rumfa a gefen kasuwar hatsi yana ɗinkin buhuna, ko da yake babu abin zubawa a cikinsu. Ƙafafun sun ƙanƙance, ya naɗe su ƙarƙashinsa. Tun daga nesa ya gane ni.

“Idi ne? Zamna, zamna. Wallahi ka hi ni tsuhwa.”

Na zauna. Ban bari mun gama gaisuwa ba, don na san in muka gama ba zan faɗa ba. Na gaya masa komai, da man gyaɗa, da abin da hannuna ya ji, da rijiya. Bai daina ɗinki ba har ya kai ƙarshen buhun, ya gutsure zaren da haƙori.

“Na sani,” in ji shi. “Da sahen nan da nid danna bayanta, nij ji hagu ba shi riƙo.”

Na tambaye shi to don me ya hau.

“Mutane na tsaye, kai kuwa kac ce an gama. In nic ce a sake dubawa, na kunyata ka gaban tasha duka. Ban iya ba.”

Ya jawo wani buhun ya shimfiɗa a cinya, sannan ya ce, “Ƙahwahun ga na daɗe da bar ma Allah su. Rashin zuwanka ne ban gane ba. Duk ran kasuwa in mota ta tsaya daga gabas, sai na duba masu sauka.”

Laminu, na yi kuka a kasuwa, gaban masu awo, da furfurata. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba. Shi ya koma yana ba ni haƙuri, ya aika aka sayo mini fura da ba ta da nono, ya ce in sha haka, yanzu ko sarki ruwa-ruwa yake sha. Da na gaya masa za ka tafi, da irin aikin da za ka yi, ya yi dariya ya ce ashe cutar tana bin jini. Ya ce kamiyon Yamai da za ka hau tana tsayawa sallah a garinsu, in ce ka sauka ya gan ka. Ka sauka ka gaishe shi. Ka zauna kusa da shi, kada ka tsaya a kansa.

Ka ga abin da ya faru. Ni na yi shiru don kada in ji kunya, shi ya yi shiru don kada ya ba ni kunya, muka haɗu muka jefa mota a kwari. Wannan ne ban sani ba sai makon jiya, kuma shi ne na fi so ka riƙe. Direban da ya ƙi ka zai faɗa maka aibin aikinka ko ba ka tambaya ba. Wanda yake son ka shi ne abin tsoro, zai ji abu a bayan mota ya haɗiye. Saboda haka bayan kowane gwaji ka ja direbanka gefe inda babu kowa, ka tambaye shi abin da ya ji. In ya ce lafiya lau, ka sake tambaya, ka ce ta ja hagu ko dama, bayanta ya yi tsalle ko bai yi ba, hancinta ya faɗo da wuri ko a hankali. Ka nuna masa ba ka jin haushin gyara. Kai ma ka tsaya a bayan motar daidai tsakiya lokacin da za ta tashi, ka ga ko ta zauna daidai ko ta karkata. In za ka canza wani abu, ka canza abu ɗaya ka gwada, kada ka taɓa uku ka rasa wanda ya yi aiki. Kuma kada ka ce an gama don mutane suna kallo.

In ka yi wa mutum laifi a can, ka je wurinsa a makon, kada ka jira ka samu kalmomi masu kyau. Ni na jira su shekara goma sha ɗaya ba su zo ba, da na je ma ba a buƙace su ba. Na zauna a garin nan ba aboki, ina ce wa kaina halina ne ba na son hira, alhali mai hirar yana can yana duban masu sauka daga mota. Kai kada ka yi irin zamana. Ka nemi mutanenmu a zango, ka ci abinci cikin jama'a ko ba ka jin yunwa. Ka riƙe sallah a kan lokacinta ko hannunka duk baƙin mai ne. Ka rubuto wa ƙanwarka Balki a Gidan Sori, mijinta ma ya tafi cirani, takardarka za ta ɗebe mata kewa.

Ni kam gidan nan zai yi mini girma. Tun rasuwar mahaifiyarka motsinka ne kaɗai nake ji a tsakar gida, tarinka da safe da ƙarar butarka. Ina jin kewarka tun ba ka tafi ba, ban iya faɗa maka a fuska ba, ga shi na rubuta. Na san kuma in ka gama karanta takardar nan ba za ka ƙara kallona yadda kake kallona ba. Wannan kallon shi ne abin da ya rage mini, na daɗe ina tattalinsa da ƙarya. Na yarda in rasa shi, in dai ba za ka tsaya a bayan wata mota ka ga abin da na gani ba.

Ranar da aka jera motar da ka gyara, in zuciyarka ba ta kwanta da ƙafarta ba, ka je ka tsaya a gabanta. Kada ka matsa ko mai garaji ya zage ka gaban jama'a. In ya kore ka, ka hau kamiyo ka dawo gida, babu wanda zai tambaye ka me ka kawo. Jar dawar da ake ba ni ta ishe mu mu biyu, ni kaɗai ma ba ta ciyuwa.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya sa hannunka ya zama sanadin lafiyar duk wanda ya hau abin da ka gyara. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya ba mu ruwa bana, ya dawo da waɗanda suka watse. In ka iya, ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idi